'Yan Rawar da Kulu Ta Rufe a Roba

A unguwar Erdington ta Birmingham, in ka baro babban titin kasuwa ka karya kwana ta gefen shagon mai soya kifi da dankali, za ka ga wani gini na jan bulo da ake ce wa Ashcombe Hall. Yanzu an toshe tagoginsa da katako, ciyawa har ta tsiro a indararon rufin. Amma shekara goma sha bakwai cur, mace ɗaya ce ke buɗe ƙofar ginin nan da bakwai na safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Sunanta Kulu, matar Malam Halliru injiniya. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, tana ɗora baƙar rigar sanyi a kan atamfa, kuma tun kafin ka hango ta za ka ji makullai na kacau-kacau a aljihunta.

Kulu 'yar Zariya ce, haihuwar Tudun Wada. In kana son ka gane abin da ya same ta a Ingila, sai an koma can tukuna, ga wani akwatin katako na mahaifinta. Tana 'yar shekara goma sha biyu aka taso wa tsohon da rigimar gona. Ko a jikinsa, ya ce ai yana da takarda. Ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, yara na tsaye, ya buɗe. Jar ƙasa ce cike. Gara ta shigo ta ƙasa ta cinye komai, ba ta bar masa ba sai ɗan ƙarfen da aka maƙale takardun da shi. Gona ta tafi. Kulu ba ta taɓa mantawa da yadda ya zauna yana marmasa ƙasar nan da yatsunsa ba.

Bayan aurenta kuma, suna Kaduna, iska ta yaye musu kwanon ɗaki ana tsakar damina. Katifa, littattafai, kayan lefe, duk suka sha ruwa. Amma takardun karatun Malam Halliru, waɗanda ya taɓa kai wa wani shago a Samaru aka yi musu lamineshin, wato aka rufe su cikin roba da zafin inji, a kan ruwa aka tsince su suna yawo a tsakar ɗaki. Kulu ta goge su da gefen zaninta, suka fito fes. Takardun nan su suka kawo su Birmingham. To, tun daga ranar ba wanda ya isa ya koya mata yadda ake adana takarda. Abin da kake so, ka sa masa roba. Hoton aure, sakamakon jarrabawar yara, takardar yabon da aka ba autarta Rabi'a a makaranta, duk sun bi ta cikin inji.

Ba yunwa ce ta fitar da ita aiki ba. Zaman flat ne ya ishe ta. Bango huɗu, ba mai sallama, ba mai leƙowa aron rariya. Da yaran suka tasa sai ta ga sanarwa ana neman mai shara a Ashcombe Hall, ta je. Ƙasan ginin ɗakin karatu ne na unguwa, sama kuma wani babban ɗaki ne mai daɓen katako da madubai. Wata 'yar ƙungiya ce ke riƙe da wurin da tallafin gwamnati. Daga shara aka ba Kulu makulli, daga makulli komai ya dawo wuyanta, har ma'aikacin gidan waya in ya zo ita yake nema.

A ɗakin saman nan ta san Miss Catherine. Doguwar tsohuwa ce, siririya, bayanta a miƙe kamar taɓarya. Shekara arba'in tana koya wa 'yan matan unguwa rawar bale, rawar nan ta Turawa da ake tsayawa a kan 'yan yatsun ƙafa. Tana riƙe da wata 'yar sanda tana buga daɓe, tana ƙirga musu taku. Ba miji, ba ɗa. Abin da ta mallaka shi ne hotuna ashirin da uku da ta gada daga malamarta, ta jera su a bangon matattakala da na ɗakin rawa, kowanne cikin gilashi.

Ba hotunan kyamara ba ne. Miss Catherine ta ce an yi su tun kafin kyamara ta zama ruwan dare, shekara fiye da ɗari da hamsin da suka wuce, lokacin da 'yan rawar nan suke tashe a Paris da Landan har a kan cire dawakan karusarsu mutane su ja da hannu. Mai zane zai zana mace a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, a danna a kan takarda, sannan a zauna a shafa launi da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko kunyarsu Kulu take ji. Mata ne hannu a waje, kafaɗa a waje, da farin siket mai kama da ƙararrawa wanda bai kai idon sawu ba. In ta zo goge gilashin sai ta kau da kai. Sai wata rana idonta ya sauka a kan ƙafar ɗaya daga ciki. Yarinyar na tsaye a kan babban yatsa ɗaya tal, a bisa fure, furen kuwa ko lanƙwasawa bai yi ba.

"Wannan ai ƙarya ce," in ji Kulu da Turancinta na kasuwa.

Miss Catherine ta yi dariya, ta zauna a kan matattakala, ta cire takalmi da safa. Yatsun ƙafarta sun murɗe sun hau juna kamar citta.

"Ga gaskiyar nan," ta ce. "Mai zane ba ya zana wannan."

Kulu ta dubi ƙafar, ta dubi yarinyar da ke murmushi a bango. Daga ranar ta daina kau da kai. Sunayensu na nan rubuce a ƙasan kowane hoto da ƙananan baƙaƙe masu lanƙwasa, amma harshenta ya ƙi su, sai ta raɗa musu nata. Ta kan furen nan mai 'yan fukafukai a gadon baya ita ce Balbela. Akwai Mai Bandiri, akwai Amaryar Aljanu da ke leƙowa daga cikin daji, akwai Sarkin Yanga. Mafi girma a cikinsu, wadda take tsaye a kan dutse a bakin ruwa, da yaga a gefe ɗaya da tabon ruwa a sama, ita ce Uwarɗaki. Da safe in ta hau matattakala da bokiti sai ta gaishe su da Hausa. "Balbela, an tashi lafiya? Har yanzu ba ki sauke ƙafar ba?"

Sau ɗaya a shekara, in rana ta fito, Miss Catherine kan ciro su daga gilashi ta shimfiɗa a kan tebur, ta bi kowacce da bayan yatsanta a hankali. Takan ce takarda numfashi take yi, dole a bar ta ta sha iska. Kulu dariya kawai take yi a ranta. Takarda da numfashi! Turawa dai ba su san gara ba.

A gida Malam Halliru ya samu abin tsokana. "Hajiya, yau ya 'yan matan naki? Ba a samu mai taimaka musu da zani ba har yanzu?"

"Malam, ka bar su. Wahalar da suka sha, kai ba za ka iya minti ɗaya ba."

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Ba rana ɗaya abin ya zo ba, wasiƙa-wasiƙa ya zo. Aka rage tallafi. Aka ce ɗakin karatu kwana huɗu a mako, aka dawo kwana biyu. Aka sallami matar da ke ba da littattafai. Aka ce hitar ɗumama ɗaki sai ranar Asabar, daga baya aka kashe ta gaba ɗaya. Ita kanta Kulu aka ce kwana uku za ta riƙa zuwa, ita kuwa ta ci gaba da zuwa shida, don ba ta san inda za ta kai ƙafafunta da safe ba. 'Yan matan rawa suka riƙa zuwa da rigunan sanyi, iyayensu suka gaji suka janye su ɗaya-ɗaya.

Ana haka Miss Catherine ta zame a matattakala ta karya ƙugu. Daga asibiti ba ta koma gida ba, care home aka kai ta, gidan kula da tsofaffi, idonta ma ya fara dushewa. Kulu ta je duba ta da kunun gyaɗa a flask. Tsohuwar ta kama hannunta da ƙarfin da Kulu ba ta zata ba.

"Nan ba su da wurin rataye hotunan, na tambaya. Kulu, kada ki bari su ruɓe a bangon can. Ki sama musu inda za a kula da su bayan ni da ke."

"Na yi miki alkawari," in ji Kulu. Ta faɗa da Turanci, ta maimaita da Hausa don ya zauna.

Shekarar da ta biyo baya ruwa aka yi kamar ba za a daina ba. Rufin ya fara yoyo wuri uku, ya koma bakwai. Kulu ta jera bokitai da tukwanen gidanta. Bango ya jiƙe ya fara zufa. Wata safiya ta ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a siket ɗin Mai Bandiri, ta kai tsumma, ashe a cikin gilashin suke. Funfuna ce. Ta kira ofishin ƙungiya sau shida, inji ke amsawa. Ta tsaya a matattakala tana jin ɗis-ɗis ɗin ruwa a bokiti, ba abin da take gani sai yatsun mahaifinta cikin jar ƙasa.

Washegari ta ciro su duka daga gilashi, ta naɗe cikin sabon zani, ta nufi shagon Davou.

Davou ɗan Jos ne, yana da ɗan shagon buga takardu a babban titi, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Duk Bahaushen Erdington nan yake kai takardunsa, rabi don aikin, rabi don surutun.

"Mama! Sannu da sanyi. Yau kuma wa ya ci jarrabawa?"

"Ba jarrabawa ba ce. Share min teburin nan. Hannunka ba maiƙo ko?"

Ta kwance zanin. Davou ya yi fito.

"Kai, Mama! Malam ya san kina yawo da 'yan mata haka? Ki ba ni ɗaya mana, matata Rebecca ta gaji da ni."

"Ji shi. Sai na gaya mata. Waɗannan sun girmi kakar kakarka, ka yi musu magana da ladabi."

Ya ɗaga Balbela ya shafa gefen takardar, sai dariyar ta ɗan ragu. "Are you sure, Mama? Wannan paper ba irin tamu ba ce fa. Ko a tambayi wani tukuna?"

"Wa za a tambaya? Office ɗin da machine ke amsawa? Kafin su ɗaga waya funfuna ta gama da su. Kai takardunka na uni ba a roba suke ba?"

"A roba suke."

"Sun lalace?"

"Ko ɗaya."

"To kunna injinka."

Sai wata matsalar ta taso. Hotunan na da faffaɗan farin baki kewaye, ba za su shiga robar ba sai an rage. Kulu ta duba, ta ga ai bakin ne ma ya fi datti, nan funfunar ta fi yawa. Ta ce a rage. Davou ya sauke wuƙar yankan takarda, ƙyat, ƙyat, farin bakin na zuba a kwandon shara, da 'yan rubuce-rubucen da ke ƙasa duka. Da aka zo kan Uwarɗaki sai ya girgiza kai. Ta yi girma. Ko an rage baki, sai an taɓa kai ko ƙafa.

"A'a, ba za a yanke mata ƙafa ba," in ji Kulu. "Ƙafar ita ce komai." Ta ajiye ta gefe.

Sauran ashirin da biyun suka shiga inji ɗaya bayan ɗaya, suka fito da ɗumi kamar burodi. Wallahi sun yi kyau. Launin ya tashi, jan ya ƙara ja, siket ɗin na sheƙi. Kulu ta ɗiga wa Balbela ruwan shayi da gangan, ta goge da yatsa, suka yi dariya ita da Davou. Uwarɗaki kuwa ta mayar da ita Ashcombe Hall, ta sa ta tsakanin kwalaye biyu a ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin matattakala, inda ya fi ko'ina bushewa. Da ta nuna wa Malam Halliru aikin ya gyaɗa kai ya ce ai shi ne daidai.

Rabin alkawari ke nan. Saura sama musu gida.

Da sanyi ya fara ja baya aka manna takarda a ƙofar ginin: za a rufe ƙarshen wata. Kulu ta kira Rabi'a, wadda a lokacin take aiki a wani asibiti a Manchester, tana zaune a unguwar Levenshulme. Rabi'a na da hotunan 'yan rawar a wayarta tun suna bango cikin gilashi. Ta tura su ga wani ƙaramin gidan tarihi da ke adana kayan wasan dandali. Ran nan ran nan amsa ta zo daga wata mai suna Alice, mai kula da kayan. Ta ce don Allah a kawo su, akwai waɗanda ba ta taɓa gani ba sai a littafi.

"Umma, ki naɗe su da kyau fa, they're very old," in ji Rabi'a a waya.

"Ke dai ki zuba ido."

Ba ta gaya mata maganar roba ba. So take a gani a yi mamaki.

Ranar Alhamis ta goge atamfarta mafi kyau, ta zuba wa Rabi'a dambun nama a roba, ta hau coach na sassafe, doguwar motar safa. Tun daga Birmingham har Manchester jakar na bisa cinyarta, hannu biyu a kai. Rabi'a ta tarye ta, suka hau bas suka shiga gari.

Alice yarinya ce, da ƙyar ta girmi Rabi'a, sanye da rigar sanyi biyu, don su ma nan ba a kunna hita. Ta share wani babban tebur, ta shimfiɗa farar takarda mai laushi, ta wanke hannu sau biyu. Sai murmushi take don murna. Kulu ta zuge jaka, ta zaro Balbela ta ajiye. Robar ta bugi tebur, ƙwas.



Kulu ta ci gaba da jerawa, Mai Bandiri, Amaryar Aljanu, Sarkin Yanga, tana jiran a yaba. Sai da ta kai ta shida ta lura ba wanda ya yi magana.

"Wa ya yi musu wannan?" in ji Alice, a hankali.

"Ni ce," in ji Kulu. "Ruwa ba ya shiga. Duba." Ta laƙato yawu da yatsa za ta gwada mata.

"Oh, Umma," in ji Rabi'a, ta rufe baki da hannu.

Alice ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta jawo wa Kulu kujera, ta zauna kusa da ita, ta yi bayani sannu-sannu, Rabi'a na mayar da inda ya yi wuya zuwa Hausa. Robar nan da gam take kamawa. Zafin inji ya narkar da gam ɗin ya shige cikin takardar, ya haɗe da launin.

"To sai a ɓare," in ji Kulu.

In aka ɓare, fuskar za ta biyo robar. Akwai masu iya gwadawa da magunguna, hoto ɗaya ya ci makonni, kuma ba tabbas. Suna da irin wannan ma'aikaciya a da, bara aka sallame ta. "Ni kaɗai na rage," in ji Alice. "Wani lokaci ni ke share wurin ma." Sai ta juya hoton tana duba gefensa. Ina bakin takardar? Nan sunan mai rawar yake, da na mai zane, da na wanda ya buga, da shekara.

"Ya yi datti," in ji Kulu. Muryarta ta yi ƙasa.

Alice ta ɗauki Balbela ta ɗaga ta saitin taga. Ta nuna wani ɗan hazo-hazo kusa da kafaɗa, ƙarƙashin robar. "An rufe su suna da danshi. Funfunar tana ciki tare da ita. Ba ta da hanyar fita, kuma ba za ta tsaya ba."

Ba za su iya karɓa ba. Ɗakin ajiyarsu ƙarami ne, kuma ba a sa mai funfuna kusa da masu lafiya. Kulu ta fara tattara su, robobin na zamewa. Alice na taya ta, sai ta tsaya.

"Hotunan da 'yarki ta turo ashirin da uku ne. Ina babbar? Ta bakin ruwa?"

"Ba ta shiga inji ba. Kuma a yage take, na ji kunyar kawo ta."

Fuskar Alice ta buɗe. Ta kama hannun Kulu. Ita ce ma ta fi so tun farko. "Ki kawo ta yadda take. Da yagar, da tabon, da komai. Kada ki goge, kada ki manna. Wannan zan karɓa, zan rubuta sunan Miss Catherine a jikinta."

Kulu ta miƙe tsaye da jakarta.

"Umma, ki kwana mana. Sai next week za a rufe, gobe ma rana ce."

"Ba ni kwana."

Ko ruwa ba ta sha a Levenshulme ba. Ta hau coach na rana, aka tsaya cikin cunkoso a babbar hanya awa guda, tana ta murza makulli a aljihu. Bayan la'asar ta iso Erdington, ta wuce ƙofar gidanta ba ta shiga ba.

Tun daga kwana ta ga ƙofar Ashcombe Hall a buɗe, da wata babbar mota a gaba. Maza biyu masu rigar rawaya na fito da madubin ɗakin rawa. An turo masu kwashe kaya, sun samu rana ba aiki, suka zo da wuri. Ba wanda ya tuna ya kira mai makulli, tsohon kwaɗon suka ɓalle, suka zo da sabo.

Ta kutsa ta tsakaninsu. Ɗakin ƙarƙashin matattakala an share shi tas, har tsintsiyarta babu.

"Kwalayen da ke nan fa?"

"Sun tafi, love," in ji babban cikinsu. "Lodin farko, kafin sha biyu. Takardu da kwali duk bola." Da ya ga fuskarta sai ya cire hula. "Wani abu ne mai muhimmanci?"

Da safe Malam Halliru ya kai ta bolar da mota, bai yi tsokana ko sau ɗaya ba. Mai gadin wurin ya nuna musu ta bayan shingen waya. Tsauni ne na jiƙaƙƙen kwali, ya fi gida mai hawa biyu, wata motar tura ƙasa na ta cusa shi gaba, ruwa na sauka a kai. Kulu ta riƙe shingen ta tsaya. Malam ya buɗe mata lema, ya tsaya tare da ita har hannunsa ya gaji, sannan ya ce, "Hajiya, mu je."

Mako uku ba ta je wurin Miss Catherine ba. A na huɗu ta ɗauki jakar ta tafi. Ta same ta a kujera kusa da taga, ta ƙara ƙanƙancewa, idon ya kusa rufewa gaba ɗaya, amma bayan nan a miƙe yake.

"Kulu ce? Na ji makullai."

Makullan da ba sa buɗe komai yanzu, amma Kulu ba ta iya fitar da su daga aljihu ba.

"Kin kawo min 'yan matana?"

Kulu ta ɗora mata ɗaya a cinya. Tsohuwar ta bi ta da bayan yatsa, yadda ta saba. Ta sake bi.

"Har yanzu tana cikin gilashi. Ciro min ita, ina so in ji takardar."

"Ba ta ciruwa, Miss Catherine."

Ta faɗa mata komai, tun daga bokitai har bola, ba ta rage ba, ba ta ɗora wa kowa ba. Miss Catherine ta riƙe hoton a cinya. Farcenta kawai ke bin gefen robar, yana zagayawa, yana neman inda zai shiga. Ya zagayo sau uku. Can ta ce, "Wace ce wannan? Karanta min sunan."

Kulu ta dubi ƙasan hoton, inda wuƙar Davou ta bi.

"Balbela ce."

"Wa?"

"Mai farin siket. Da 'yan fukafukai. Tana tsaye a kan fure."

"Da yawansu haka suke, dear." Leɓen tsohuwar na motsi, tana laluben sunan a kanta. Ta fara wani, ta bari. Ta fara wani. Sannan ta miƙo hoton. "Riƙe. Ta yi min sanyi a hannu."

Kafin shekarar ta fita Miss Catherine ta rasu. Mutum biyar ne a jana'izar, Kulu ta shida, a kujerar baya.

Davou ya ji labari daga bakin Malam Halliru. Ya zo har gida, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Ya ce ya zazzage duk kwandunan shagon ko zai samu farin bakin nan, amma an daɗe da kwashewa. Kulu ta ce masa ba laifinsa, shi ai ya tambaya. Har yau in ta wuce ta gaban shagon yakan ce, "Mama, sannu da sanyi," sai ya tsaya nan.

Kulu ba ta sake neman aiki ba. Gwiwoyin ma sun fara ƙi. Hotunan suna cikin akwati a ƙarƙashin gadonta, tare da takardun karatun Malam Halliru, waɗanda har gobe suna nan kamar jiya aka yi su. Sau ɗaya a wata, in Malam ya fita, takan jawo akwatin ta jera su a kan gado, ta goge kowacce da gefen zani. Robar fes take fitowa. Ta ciki kuwa, Mai Bandiri ta rasa hannu ɗaya, dajin Amaryar Aljanu ya koma ruwan ƙasa. Hazon da ke kafaɗar Balbela ya hau wuya, bara ya kai haɓa, bana ya cinye murmushin.

Takan gaishe ta duk da haka. Sannan ta kai ta saitin taga ta duba ƙasa. Ƙafar dai tana nan a kan furen, bisa yatsa ɗaya. Abin bai kai can ba tukuna.